Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Sharhi Kan Tara Tsofaffin Rigunan Ƙwallo

A watan Mayun 2022 aka yi gwanjon rigar da Diego Maradona ya saka ranar da Ajantina ta fitar da Ingila daga gasar cin kofin duniya ta 1986. Kamfanin Sotheby's ne ya yi dillancin, aka sallama ta a kan fam miliyan 7.1. Wanda ya sayar da ita, Steve Hodge, tsohon ɗan wasan Ingila ne da ya yi musayar riga da Maradona bayan an tashi daga wasan. Yadin rigar ba wani abin a zo a gani ba ne. Abin da mai saye ya biya shi ne labarin da ke manne da ita, wato ƙwallaye biyun nan, ɗaya da hannu, ɗaya kuma bayan an yanke 'yan wasa biyar har da mai tsaron gida.

Kalmar gwanjo a Hausa harshen damo gare ta. Akwai gwanjon da ake taya kaya har mai tsada ya ɗauka, akwai kuma gwanjon da muka fi sani, kayan da wani ya saka ya gaji, aka ɗauro su a dila aka kawo mana. Tsohuwar rigar ƙwallo tana yawo a duka biyun, kuma a tsakaninsu ne muke son mu auna wannan al'ada ta tara tsofaffin jesi da ta zama ruwan dare a Turai, ta kuma fara leƙo mu ta Instagram da TikTok.

A can sana'a ce mai zaman kanta. Kamfanin Classic Football Shirts, wanda wasu ɗalibai biyu suka kafa a Manchester a 2006, ya girma ne a kan sayen tsofaffin riguna da sake sayar da su. Masu tarawa suna karanta riga kamar yadda malami ke karanta tsohon kundi. Suna duba kamfanin da ya ɗinka, da fasalin tambarin kulob, da irin lambar da ke baya, sannan uwa uba sunan kamfanin da ke ƙirji. Rigar Manchester United mai Sharp ta tsakanin 1982 da 2000 ce. Ta Arsenal mai JVC ba ta wuce 1999 ba, mai O2 kuwa ta 2002 zuwa 2006 ce, zamanin da suka yi kaka guda ba a doke su a gasar Firimiya ba. Chelsea mai Autoglass ta 1997 zuwa 2001 ce, mai Samsung kuma ta fara a 2005. Wanda ya san wannan, da kallo ɗaya zai faɗa maka shekarun riga, ya kuma lissafo maka waɗanda suka yi gumi a cikin irinta.

To mu dawo gida. Kayan gwanjo suna barin Turai cikin kwantena, da yawansu su sauka a Kwatano ko Lome, su tsallako zuwa manyan kasuwanninmu irin Ƙofar Wambai a Kano da Kasuwar Barci a Kaduna. Daga nan ƙananan 'yan kasuwa su sara, su bi da su kasuwannin mako. Wanda ya nufi yamma daga Kaduna zai bi ta Buruku da Udawa, tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka, kafin ya shiga Birnin Gwari. Rigar da ta iso nan ta tashi daga kayan ajiya ta koma kayan aiki. Manomi ya shiga gonar masara da ita, ɗan acaɓa ya ɗora mata jaket, mai haƙar zinare ya sauka rami da ita. Ana son ta don ba ta da nauyi, tana jure wanki, kuma da an shanya ta bushe. Irin rigar da wani a Ingila zai saka a gilashi ya rataye a bango, a nan sai ta mutu murus kafin a mayar da ita tsumman goge babur.

Ba mu ga abin zargi a nan ba. Riga don sakawa aka yi ta, kuma talaka bai ci bashin kowa ba don ya saka kayan da ya saya da guminsa. Haka nan ba mu cikin masu cewa goyon bayan kulob ɗin Turai zubar da kai ne. Yawancin masu son Arsenal a ƙasar nan Nwankwo Kanu ne ya ja su tun da ya je can a 1999, kamar yadda Mikel Obi ya cika gidajen kallo da magoya bayan Chelsea daga 2006. Soyayyar tana da asali, kuma asalin namu ne.

Abin yabon al'adar tara riguna shi ne tana tilasta wa mutum sanin tarihi, kuma jihar Kaduna tana da rabo mai tsoka a wannan tarihin. Rigar Everton mai NEC ta 1995 ita ce wadda Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna, ya ci Tottenham ƙwallo biyu da ita a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA, kofin da suka ɗauka a shekarar. Kafin nan, a rigar Club Brugge ta Beljiyam, shi ne ya ci ƙwallon farko a matakin rukuni na sabuwar gasar zakarun Turai a Nuwamban 1992. Chelsea mai Autoglass ita ce ta Celestine Babayaro. Ajax ta ƙarshen shekarun 1990 ita ce ta Tijjani Babangida, Roda JC kuma ta ɗauki Babangidan da Garba Lawal. Dukkansu a Kaduna aka haife su. Rigar Najeriya ta Adidas ta 1994 kuwa ita ce wadda Rashidi Yekini, shi ma haifaffen Kaduna, ya rungumi raga a cikinta bayan ya ci Bulgeriya, ƙwallon farko da ƙasar nan ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya.

A nan kuma ne aibin al'adar yake fitowa. Kasuwar tsofaffin riguna tana fara lissafin ɗan wasanmu ne daga ranar da ya haye teku. Abin da ya gabaci wannan rana ba shi da farashi, don haka ba shi da mai nema. Amokachi bai faɗo daga sama ya dira a Brugge ba. Daga Ranchers Bees ta Kaduna ya fito, kulob ɗin da a da ake kira DIC Bees saboda alaƙarsa da masana'antar ƙera makamai ta soja, daga baya aka riƙa yi wa 'yan wasansa laƙabi da yaran Aruwa, da sunan mai kulob ɗin, Alhaji Muktar Aruwa. A 1988 Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasarsu, inda Bizerte ta Tunisiya ta yi galaba a kanta. A 1989 ta ɗauki kofin ƙasashen Afirka ta Yamma, wato WAFU. Wannan ba ƙaramin tarihi ba ne. Amma ka shiga gidan kallo a Birnin Gwari ko Tudun Wada ko Rigasa, za ka tarar da matasan da za su jero maka 'yan wasa 11 da Chelsea ta fara da su a wasan ƙarshe na 2012 a Munich, ka tambaye su launin rigar Ranchers Bees ta 1989 su yi shiru. Laifin ba nasu ba ne. Ba a nuna musu ba.

Labarin Yekini ya fi ciwo. Mutumin da ya ci wa Najeriya ƙwallo 37, ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 1993, ya fara ne a ƙungiyar UNTL, wato kulob ɗin masaƙar United Nigerian Textiles da ke Kakuri. A lokacin Kaduna ce cibiyar saƙa a ƙasar nan. Masaƙar KTL ta fara aiki tun 1957, sauran suka biyo baya, dubban ma'aikata suna shiga suna fita dare da rana, kamfanoni suna riƙe da ƙungiyoyin ƙwallo da kuɗinsu. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Garin da ya saƙa yadin da rabin ƙasa ke ɗaurawa, yau dilar gwanjo yake jira. Da a ce rigar UNTL guda ɗaya tana rataye a inda jama'a za su gan ta, da ta ba da labarin ƙwallo da na masana'antu da na aikin yi a lokaci guda. Kayan aro ba ya rufe katara, in ji masu magana, tarihin aro ma haka.

Wani zai ce ai duniya ta san darajar rigarmu, ya kawo misalin 2018. Gaskiya ne. Rigar da Nike ta yi wa Super Eagles don gasar Rasha, wadda aka ɗauko salonta daga ta 1994, ta fito ranar 1 ga Yunin shekarar, aka yi dogon layi a shagon kamfanin da ke Landan, ta ƙare nan take. Yau ma masu tarawa suna nemanta. Sai dai makonni huɗu kafin wannan layin, 'yan bindiga sun shiga ƙauyen Gwaska a ƙaramar hukumar Birnin Gwari sun kashe mutum fiye da 40. Ba muna ɗora wa mai sayen riga alhakin wannan ba. Muna dai nuna iyakar abin da kasuwa ke iya adanawa. Ta ɗauki kore da fari ta yi ado da su, abin da ke faruwa da masu launin kuwa ba ya shiga lissafinta.

Wannan ne ya sa batun ajiya a Birnin Gwari ya sha bamban da na Manchester. Tara kayan tarihi yana bukatar ɗaki da akwati da tabbacin cewa gobe ma a nan za a kwana. Mutanen ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku da na Kuyambana sun shafe shekaru ba su da wannan tabbacin. An tashi garuruwa, an ƙona rumbuna, an bar gonaki. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako, ta hana hawa babur, aka kuma katse layukan waya a yankin na wani lokaci. Sai a Nuwamban 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla, aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari da ta daɗe a rufe. Wanda ya gudu da dare da yaro a kafaɗa ba ya tsayawa ɗaukar hoton ƙungiyar unguwarsu.

Duk da haka akwai wata riga a wannan yanki da mai tarawa na Turai ba zai ko kalla ba, mu kuma muke ganin ta fi duk wata mai Sharp ko JVC daraja a gare mu. Ita ce jesin ƙungiyar gari. Kowa ya san yadda ake samunta. Matasa su yi karo-karo, ko wani mai neman kansila ko ɗan majalisa ya sayo musu saiti guda na 'yar China, a kai wa mai buga rubutu ya ɗora sunan gari a gaba, lamba a baya, wani lokaci har da sunan mai gudummawar da alamar jam'iyyarsa. Da ma'aunin kasuwa, jabu ce, ba ta kai kuɗin kati ba. Da ma'aunin tarihi kuwa, tana da duk abin da masu tarawa ke nema. Sunan ɗan takara yana faɗin shekara kamar yadda O2 ke faɗin shekarun Arsenal. Lambar baya tana da mai ita, kuma akwai waɗanda suka san ko yana raye, ko yana Kaduna yana acaɓa, ko daji ya ci shi. Sunan garin kuwa, idan garin ya tashi, yana iya kasancewa cikin 'yan abubuwan da suka rage ɗauke da shi a rubuce.

Saura mu marubuta. Shafukan wasanni na Hausa sun ƙware a kawo cinikin 'yan wasan Turai da ɗumi-ɗuminsa, har da kuɗin da aka taya da albashin mako. Ƙagaggun labaranmu, tun daga na kasuwar Kano zuwa waɗanda ake karantawa a waya, sun shiga gidan aure da makaranta da ofis da fadar sarki, amma ba kasafai suke tsayawa a filin ƙwallon bayan gari ba, alhali nan ne saurayin ƙauye yake fara sanin shugabanci da rabon aiki da cin amana da yafiya. Idan ƙwallo ta shigo labari, yawanci ado ce, jarumi ya saka rigar Madrid don a san ɗan gayu ne. Rigar Raccah Rovers ta Kano da ta ci gasar ƙasa a 1978, da ta Kaduna United da ta doke Enyimba ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010, da ta Kano Pillars da ta ci gasa sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kowacce tana jiran wanda zai buɗe ta ya karanta.

Kayan aikin ba su yi nisa ba. Tsofaffin jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo suna nan a Gidan Arewa da ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Da yawa daga waɗanda suka buga wa Ranchers Bees da UNTL, da waɗanda suka cika filin wasa na Ahmadu Bello don kallonsu, suna raye, kuma bakinsu bai mutu ba. Wayar da ake karanta wannan sharhi da ita ta isa ta ɗauki hoton riga gaba da baya, ta naɗi muryar mai ita yana faɗin wace shekara ce, wa ya saya, da wa aka kara, nawa aka tashi, su wane ne a cikin ƙungiyar, ina kowannensu yake yau.

Abin da ya kamata mu ara daga masu tara riguna na Turai ke nan, wato dabarar karanta riga da haƙurin bin diddiginta. Farashin kuwa su riƙe abinsu. Kulob ɗin da ya kawo wa Kaduna kofin Afirka ta Yamma da sunan ƙudan zuma ake kiransa, kuma Bahaushe ya riga ya faɗi irin zumar da ake magani da ita. Sharaɗin dai shi ne a samu wanda ya ajiye ta.