Zanen rawa: Dukiyar da mu ka bar wa gara

Duk wanda ya taso a Isa ko Sabon Birni cikin shekarun 1990 ya san shagon haya: kaset-kaset na bidiyo a jere, littattafan soyayya rataye a igiya, fastar Indiya manne a bango. Mun karanta littattafan, mun kalli finafinan, amma hotunan da ke jikin su ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Alhali kafin kwamfuta ta ƙwace aikin, da hannu ake zana yawancin su, kuma a cikin su ne tarihin rawar fim ɗin Hausa ya fara.

Dubi tsohuwar fastar Indiya, irin wadda masu fenti na Bombay ke yi. Mai zanen ya san rawa. Zai kama jarumar a tsakiyar juyi, ƙafa ɗaya a sama, wuya a karkace, mayafi na tashi, har ka ji kamar kiɗan na fitowa daga takardar. Wannan tsayuwar ce masu zanen bangon littattafai na Kano su ka ara: budurwa ta jingina da itace ta na rangwaɗa, saurayi ya miƙo hannu daga cikin furanni. Wasu zanen akwai rauni, hannu ya fi ƙafa tsawo, fuska ba ta Hausa ba. Duk da haka su na da daraja, domin su na nuna cewa tun kafin "Sangaya" ta fito ta sa rawa da waƙa su ka zama dole a industiri, idon mai karatu ya riga ya saba da wannan salon.

Inda zanen ya gaza shi ne rawar gida. Ƙasar Isa ce ta haifi Ibrahim Narambaɗa na Tubali, kuma har gobe muryar sa na cikin rediyo da wayoyin mu. To, jikin masu takawa fa? Rawar ƴan tauri nauyin ta a ƙafa ya ke, ƙura na tashi, wuƙaƙe na walƙiya. Akwai takun ɗan dambe in kalangu ya taso shi, akwai gaɗar ƴanmata a dandali da farin wata. Da wuya ka ci karo da waɗannan a bangon littafi. Mai zane kasuwa ya ke bi, kasuwa kuwa Indiya ta ke so. Ga kuma tsoron fatawar malamai kan zana mai rai. Shi ya sa duk zanen rawar gargajiya da ya tsira, ko a tsohon littafin firamare ne ko a kalanda, ya cancanci a riƙe shi da hannu biyu.

Wasu sun riga mu farga. A Gana, fastocin fim da aka zana a jikin buhun fulawa a shekarun 1980 da 1990 sun zama kayan da masu tara zane a Amurka da Turai ke saye da tsada. A namu ɓangaren, Farfesa Graham Furniss na makarantar SOAS da ke Landan, tare da Malami Buba da William Burgess, sun fitar da kundin sunayen littattafan Hausa na 1987 zuwa 2002 a shekarar 2004. Su na can su na lissafa abin mu, mu kuma mu na ƙulla ƙosai da shi.

Kuma lokaci ba ya jira. A 2007, bayan rikicin da ya girgiza ƴan fim, hukumomin Kano sun matsa wa rawa lamba, a shekarar kuma har littattafai aka ƙona a bainar jama'a. Zuwan waya ya kashe shagunan haya. A gabashin Sakkwato kuma, hare-haren ƴan bindiga, musamman na 2021, sun kori dubban mutane daga ƙauyukan Isa da Sabon Birni, wasu har cikin Nijar. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar kwalin takardu.

Shawara ta ga mai sha'awar tarawa ita ce kada ya yanke hoto daga jikin littafi, don bango ba tare da sunan marubuci da shekara ba ya zama maraya. Ya duba ƙasan zanen, sau da yawa mai zanen na sa hannu a kusurwa; ya rubuta sunan da inda ya samo shi. Ya nesanta shi da danshi da rana, ya ɗauki hoton sa da waya. Cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo duk su na Sakkwato. Ya kamata su buɗe wa irin waɗannan takardu ƙofa kamar yadda su ka buɗe wa tsofaffin rubuce-rubucen ajami.

Su ma furodusoshin mu da ke cewa babu rawar Hausa mai sayuwa, su zo Gobir da kyamara da mai zane tun tsofaffin da su ka iya takun su na raye.