Likitan da ke gwaji da makulli

A ce an kawo wata dattijuwa da aka taɓa yi wa maganin sankarar mama. 'Ya'yanta sun ce kwanan nan ba ta gane kayan ɗakinta, sun kai ta wurin mai tabarau an ce idonta garau yake. Wasu a gida sun ce tsufa ne, wasu sun fara zancen iska. Gwanin likitan ƙwaƙwalwa ba ya gaggawar tura ta ɗakin hoto. Sai ya zaro makulli daga aljihu, ya riƙe shi shiru don kada ya yi ƙara.

"Hajiya, mene ne wannan?"

Ta dube shi da kyau, ta ce ƙarfe ne, kansa zagaye, ƙasansa da haƙora. Suna dai ya ƙi zuwa. Ya ce ta nuna yadda ake amfani da shi, ta kasa. Sai ya sa mata shi a tafin hannu, kafin ya janye hannunsa ta ce, "Ashe makulli ne!"

A wannan ɗan lokaci ya kore zato biyu. Ba makanta ba ce, tunda ta siffanta abin. Ba kuma ɓacewar kalma ba ce, don mai wannan matsalar ko ya taɓa abin sunan ba ya zuwa masa. Gani ne ya iso, ma'ana ta tsaya a hanya. Abin da ke burge ni shi ne sauƙin dabarar: saƙo ɗaya ne, ƙofar shigarsa kawai likitan ya sauya.

Ido ɗaukar hoto kawai yake yi. A ƙeya ƙwaƙwalwa ke karɓar hoton, daga nan ya bi ta ƙasan ɓangaren da ke daura da kunne, inda ake haɗa shi da abin da mutum ya sani. Sankara kuwa, musamman ta huhu, mama, ƙoda da baƙar sankarar fata, takan biyo jini ta yada zango a ƙwaƙwalwa. Idan ƙullutun ko kumburin da ke kewaye da shi ya danne wannan hanya, ganewa ta lalace. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, toshewar jijiyar jini ta fi haddasa shi, shi ya sa wanda bai ƙware ba yake wuce shi.

Gwajin bai ƙare ba. Zai zana mata hoto ya ce ta kwafa. Wannan gadon Heinrich Lissauer ne, likitan Jamus da ya raba matsalar gida biyu a 1890: wanda siffar ma ba ta haɗuwa masa, da wanda zai kwafi zane tsaf amma bai san abin da ya zana ba. Sigmund Freud ne ya raɗa wa matsalar suna agnosiya a 1891. Sannan likitanmu ya sa Hajiya ta rubuta jimla, ya jima kaɗan ya ce ta karanta. Akwai mai rubutawa da hannunsa ya kasa karantawa, abin da likita Déjerine ya bayyana a Faransa a 1892, kuma wannan yana nuni da ƙeya ta hagu. Daga ƙarshe ya yafito ɗiyarta ta shigo ba tare da magana ba. Idan sai ta yi sallama uwar ta gane ta, to makantar fuska ce, wadda ta fi alaƙa da ɓangaren dama.

Kafin a ɗauki hoton MRI, ya riga ya san inda zai kafa ido. Idan zatonsa ya tabbata, maganin dezametason kan sassauta kumburin cikin kwanaki, kafin a shawarta batun tiyata ko gashi da haske. Su kuma 'ya'yan sai ya ce musu duk mai shiga ɗakin Hajiya ya fara da sallama ya faɗi sunansa, kuma kofi ko carbi, a hannu za a riƙa sa mata.