Takarda ta sallama, mashin ya ce albarka

Kowa ya san yadda ciniki yake a Kasuwar Dole ta Damagaram ko babbar kasuwar Maraɗi. Ka taya, mai kaya ya ce albarka, ka ƙara, a ja a ja har ya ce ya sallama. Daga nan magana ta ƙare. Ko ya ga ya yi gaggawa ba ya janyewa, don maƙwabtan rumfa sun ji.

Manyan kantunan nan masu sanyi da keken zuba kaya sun zo mana da wani tsari: babu tayi. An rubuta kuɗin kowane abu, ka ɗauka ko ka bari. Muka yarda. Amma mu lura da abin da muka bayar, ƴan uwa. Mun ajiye bakinmu a ƙofa, bisa alkawalin cewa abin da ke rubuce shi ne sallamar mai kanti.

To ga inda rigimar take. A ce gwangwanin madara ya kusa cika wa'adinsa, suna son rabuwa da shi. Sai a manna jar takarda, a soke 2.500, a rubuta 1.750, a sa “promo” da manyan baƙaƙe. Ka ɗauka, ka bi layi, yarinyar kes ta haska shi, mashin ya nuna 2.500. Ka yi magana, ta ce: “Yi haƙuri yaya, haka mashin ya ba ni.”

Kuma ba ƙarya take ba. Zanen nan na layuka baƙaƙe da ke jikin kaya ba kuɗi ne a ciki ba, lambar kayan ce kawai. Kuɗin yana cikin kwamfutar kanti, inda wani ya shigar da shi da hannunsa. Mai manna takarda daban, mai shigar da kuɗi daban. In ɗaya ya yi aikinsa ɗaya bai yi ba, ko kwanakin ragin sun wuce an bar takardar tana ta kiran mutane, dole a samu saɓani. Ke nan mashin bai ce komi ba. Mutum ne ya ce, kuma yana can ofis, ba ka ganin shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda kunya ke yi wa kantin aiki. Bayanka layi ya yi tsawo, ga wani Alhaji da keke cike yana duba agogo, ga mai gadi ya fara matsowa. Ɗalibin da ya ƙirga kuɗinsa tun daga gida sai ya ji kamar shi ne mai laifi. Ko ya biya yana murmushin dole, ko ya mayar da kayan yana sunkuyar da kai. Alhali dala ɗari da hamsin ba wasa ba ce ga wanda bursu ta yi jinkiri: kuɗin kabu-kabu ne da abin kari. Wanda kuma ya ƙi haƙuri, a kan wa yake sauke fushin? A kan ƙanwarmu ta kes, wadda ba ta da ikon taɓa kuɗin sai an kira shef, kuma tana tsoron in lissafi ya gaza da dare a ce ita ta cika.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa kuskuren da ba ya cin mai shi komi ba ya gyaruwa. A Kebek ta Kanada, tun 2001, in kes ya nuna sama da abin da ke rubuce a kanta, ƙaramin kaya kyauta ake ba ka. Iyakar ta kasance dala 10, aka mayar da ita 15 a 2025 (dalarsu fa, ba tamu ta tamma biyar ba). A Faransa, tun 2022, tsohon kuɗin da ake sokewa dole ya zama mafi araha da aka sayar da kayan cikin kwana 30 da suka wuce, don hana dabarar nan ta ɗaga kuɗi jiya a “rage” yau.

Masu kantuna za su ce akwai masu ɓare jar takarda su manna ta a wani kaya. Akwai su. Sai dai wannan aikin mai gadi ne da kamarorin da suka cika rufi da su, ba dalilin tuhumar duk wanda ya iya karatu ba.

Kafin masu kula da kasuwanci su waiwayo kes, ɗauki hoton takardar da salularka tun a kanta. Kada ka ɗaga wa yarinyar murya, ce mata ta kira shef. Ka karanta tike kafin ka fita ƙofa, don in ka taka waje ba mai saurarenka. In kuma an gyara kuɗin aka ce babu canji, aka miƙo maka alewa biyu, tambaye su ko gobe za su karɓi alewar a kes.