3.4 Tsokaci a Kan Tambayar Ƙabila a Binciken Lafiya na Shekarar 2018

Wannan sashe zai dubi yadda aka sarrafa bayanan ƙabila a binciken yawan jama'a da lafiyarsu wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Nijeriya a shekarar 2018. A wannan bincike an tattauna da mata 41,821 masu shekara 15 zuwa 49, kuma an fassara tambayoyin zuwa Hausa da Yarabanci da Ibo. Muhimmancin aikin ya ƙaru ne saboda ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi kowa ƙabilarsa ba.

Abin yabo shi ne, an bar kowace mace ta faɗi ƙabilarta da bakinta, ba mai tambaya ne ya zaɓa mata ba. Sai dai akwai rauni ta fuska biyu.

Na farko, rahoton ya ambaci manyan ƙabilu kamar Hausawa da Fulani da Barebari da Tibi, sannan ya tara ragowar a rukunin “sauransu”. Ke nan Banufiya da Babura da Bagwariya sun zama abu ɗaya a lissafi, alhali kuwa al'adunsu na haihuwa da jego sun bambanta.

Na biyu, kalmar “Bahaushe” ba jini kaɗai take nufi ba. Bafillatanar da aka haifa a birnin Kano, wadda ba ta jin Fulatanci, tana iya cewa ita Bahaushiya ce, 'yar'uwarta kuma ta ce ita Bafillatana ce. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin binciken ya gwada jinin ƙananan yara don gano ciwon sikila, wanda gadonsa ake yi. Amsar da ta dogara da harshe ba za ta zama ma'aunin gado ba.

Haɗarin da ke nan shi ne a ɗora wa ƙabila laifin da ba nata ba. Idan aka ga rigakafi ya yi ƙaranci a tsakanin Hausawa, wajibi ne a fara duba ilimin uwa da talauci da nisan asibiti. In ba haka ba, za a kai wa jama'a wa'azi a inda magani suke bukata.

A taƙaice, ya kamata a raba tambayar ƙabila da ta asalin iyaye, a kuma ba mutum damar ambaton ƙabila fiye da ɗaya.