Wes Montgomery Da Shugabancin Jita A Kiɗan Jaz

Jaz wani irin kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka, wanda makaɗi ba ya maimaita abin da ya haddace kurum, sai ya riƙa ƙago sabon zance nan take, abokansa suna amsa masa. A da can jita ba ta da ta cewa a wannan taro, don kuwa kayan busa da ganguna sun danne muryarta. Da aka haɗa ta da lantarki da akwatin ƙara sauti, sai wani saurayi, Charlie Christian, ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, ya nuna jita tana iya jan gaba. Amma bai daɗe ba, tarin fuka ya ɗauke shi a 1942.

Wanda ya gaje shi sosai shi ne Wes Montgomery, mutumin Indianapolis, wanda aka haifa a 1923. Da rana yana aikin walda don ciyad da iyali, da dare yana kiɗa. Da babban yatsa yake taɓa tsirkiya, shi ya sa amonsa ke da taushi. Yakan kuma kaɗa tsirkiya biyu tare, murya guda, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

To, mai karatu, in kana so ka san gwanintarsa, saurari faifan Smokin' at the Half Note na 1965, wanda ya yi da mutum uku: Wynton Kelly a kan piyano, Paul Chambers da bas, watau ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu, da Jimmy Cobb a kan ganguna. A kiɗan da ake kira No Blues yakan fara da tsirkiya ɗaya, ya koma biyu, sa'an nan ya haɗa da yawa. Duk inda ya tsaya numfashi, Kelly ya cike gurbin, Cobb ya iza wuta. Hira ce ta mutum huɗu, kowa yana jin ɗan'uwansa.

Amma fa faifan A Day in the Life na 1967 dabam yake. An kewaye shi da masu goge da yawa, suna karanta abin da aka rubuta musu, ba mai ikon amsa masa. Faifan ya yi kasuwa ƙwarai, ba kuwa za mu zargi magidancin da ya sha wahala don ya nemi abinci ba. Duk da haka, a ganina an yi hasara. Hannunsa yana nan yadda yake, amma hira ta mutu.

Montgomery ya rasu a 1968, yana da shekara 45. Abin lura ga masu jita na bayansa shi ne, lantarki yana ba da ƙarfin murya, amma ba ya ba da kunne. Shugaban kiɗa kuwa, da kunnensa ake auna shi.