Birin Atlas: Rayuwarsa da Hanyoyin da Ake Bi wajen Kare Shi

Birin Atlas, wanda masana ke kira Macaca sylvanus, shi kaɗai ne birin daji da ke zaune a Afirka arewa da hamadar Sahara, sauran danginsa na kusa duk suna Asiya. Mazauninsa dazuzzukan tsaunukan Maroko da Aljeriya ne: Atlas ta Tsakiya, Babbar Atlas, tsaunukan Rif, da yankin Kabiliya. A Tunisiya ya riga ya ƙare. Akwai kuma wasu ɗari biyu zuwa ɗari uku a kan dutsen Jibralta, su ne kaɗai biran da ke yawo a sake a Turai. Tun 2008 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, bisa kiyasin cewa fiye da rabinsa ya salwanta cikin shekara 24.

Jikinsa na mai zaman sanyi ne. Gashinsa mai kauri ne, ruwan ƙasa da sirkin toka, yana ƙara cika da hunturu. Bindinsa ɗan guntu ne da ba a ko ganinsa. Namiji kan kai kilo 15, mace kuwa wajen kilo 10. Ana samunsa har sama da mita 2,000, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni. Ya fi yawa a dajin itacen al'ul da na ballut. Abincinsa na bin lokaci: ɗanyen ganye da tsutsotsi idan sanyi ya wuce, tsaba da saiwoyi lokacin zafi, 'ya'yan ballut da kaka, sai ganyen al'ul da gansakuka idan ƙanƙara ta binne komai.

Garke kan ƙunshi birai gommai. Mata na zama inda aka haife su har mutuwa, 'ya tana gadon matsayin uwarta, maza kuwa sukan yi ƙaura idan sun balaga. Barbara na kamawa ne wajen Nuwamba da Disamba, ciki wata biyar da rabi, haihuwa daga Afrilu zuwa Yuni, ɗa guda, baƙi wuluk. Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne yadda maza ke renon jarirai. Namiji zai ɗauki jariri a bayansa, ya nufi wani namijin da ya fi shi ƙarfi, su zauna su riƙe shi tare suna kaɗa leɓe da haƙora, da haka ake kashe wutar faɗa. Zumuncin nan yana da ranarsa: a mugun sanyin 2008 zuwa 2009, kusan kashi biyu cikin uku na manyan biran wasu garkuna biyu da ake nazari a Atlas ta Tsakiya sun mutu, waɗanda suka fi yawan abokan hulɗa kuwa su suka fi tsira. Da dare a cure suke kwana a kan rassa, mai abokai shi ke samun ɗumi.

Dabbar da ba ta haihuwa sai ta kai shekara huɗu ko biyar, kuma ɗaya take haifa, ba ta jure asara mai yawa. Asarar kuwa ta fuska biyu take zuwa. Ta farko lalacewar daji ce: sare itace, ƙona gawayi, share gonaki a Rif, fari, da kiwon da ya wuce kima. A da makiyaya kan sauka kwari da hunturu, daji ya huta. Yanzu da yawa sun zauna dindindin, tumaki da awaki na cinye tsiron da zai gaji manyan itatuwa, karnukansu na kashe ƙananan birai. Ta biyu fasa-ƙwauri ce. An kiyasta cewa a shekarun 2000 ana kwashe jarirai wajen 300 duk shekara, akasari a ƙetare da su Sifaniya zuwa Faransa, Beljiyam da Holan don a ajiye a gida. Wasu kuma a dandalin Jami'ul Fana na Marakesh suke ƙarewa, da sarƙa a wuya, ana ɗora su a kafaɗar baƙi ana ɗaukar hoto. Da birin ya girma ya fara cizo, sai mai shi ya nemi inda zai yar da shi.

Hanya ta farko da aka bi wajen kariya ita ce doka. Maroko ta kafa doka mai lamba 29-05 kan cinikin namun daji, sannan a 2016 taron yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji a Afirka ta Kudu ya mayar da birin rukuni na ɗaya, wanda ya haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Wannan ya ba jami'an kwastan hujjar kamawa. Rauninta shi ne birin da aka ƙwace a tashar jirgin ruwa ya riga ya rabu da garkensa, mayar da shi kuwa abu ne mai wuya. Cibiyoyi irin su AAP ta Holan suna karɓar irin waɗannan, amma ceton ɗaiɗaiku ba ya cike gurbin da aka bari a daji.

Hanya ta biyu keɓe gandun daji ce, kamar na Ifran da aka kafa a Maroko a 2004, da na Jurjura da Guraya a Aljeriya. Gandun Ifran ne ke riƙe da kaso mafi girma na biran da suka rage, sai dai a cikinsa ma buƙatu na karo. Ma'aikatan daji sun daɗe suna zargin birin da kashe al'ul saboda yana ɓare ɓawonsa. Wasu masana na ganin ƙishirwa ce ke sa shi, tunda an killace maɓuɓɓugan ruwa don dabbobin kiwo. Wasu na ganin sinadaran da ke ƙarƙashin ɓawon yake nema. Ko ta wane gefe aka duba, ɓarnar ta fi kama da alamar dajin da ya gaji. Yawon buɗe ido ma yana da nasa lahani. A gefen hanyar garin Azru baƙi na miƙa wa birai gyaɗa da burodi, su yi ƙiba, su saba da mutum, mota ta buge wasu, masu sata su sami sauƙin ɗauke jarirai. Ganinsu birjik a bakin titi kuma na sa matafiyi ya ɗauka suna da yawa. A Jibralta, inda sojojin Birtaniya suka kula da su daga 1915 zuwa 1991, tara ake cin duk wanda ya ba su abinci.

Hanya ta uku ta fara ne daga mutanen da ke kwana su tashi a dajin. A Buhashem da ke Rif, ƙungiyar BMAC da Siân Waters ta jagoranta ta nemi makiyaya su nuna inda garkunan birai suke, ta ɗauki iliminsu a matsayin hujjar bincike, ta kuma yi wa karnukan ƙauyuka rigakafin ciwon haukan kare, abin da ya dami jama'a fiye da biri. Sannu a hankali wasu da a baya suke jifan birai suka koma masu kai rahoton ɓarayinsu. A Ifran ma an ɗauki 'yan yankin aikin sintiri. Wannan hanya na cin lokaci, tana kuma dogara da tallafin da ka iya yankewa, amma ita ce ke isa wurin kafin a raba jariri da uwarsa.

Doka na hukunta wanda aka kama, gandu na shata iyaka a taswira, amma makomar birin Atlas na rataye ne a kan yawan dabbobin da ke kiwo a dajin al'ul, da ruwan da aka bar masa, da yardar makiyayan da ke zaune tare da shi. Duk shirin kariyar da bai taɓo waɗannan uku ba, jinkirta ƙarewar kawai zai yi.