Ma'aunin Kp Mudun Wata Kasuwa Ne

Duk lokacin da rana ta yi aman wuta ta watso mana filazma, wato iskar da tsananin zafi ya sa ƙwayoyinta suka ɗauki cajin lantarki, lamba ɗaya ce ke cika labarai: Kp. In ta kai 5, hukumar NOAA ta Amurka ta kira abin guguwar G1. In ta kai 9, G5 kenan, babu gaba da ita. A ranakun 10 da 11 ga Mayun 2024 an kai wannan matakin, karo na farko tun Oktoban 2003. Ni a ganina Kp ma'auni ne mai kyau da aka ɗora wa aikin da ba nasa ba, kuma mu da ke kusa da ikwaita mu ne za mu fi cutuwa in muka dogara da shi kaɗai.

Mu fara ba shi haƙƙinsa. Bajamushe Julius Bartels ne ya fito da shi a 1949. Tashoshi 13 ne ke auna girgizar filin maganaɗisun duniya, a haɗa sakamakonsu duk bayan awa uku, a fitar da lamba daga 0 zuwa 9. Cibiyar GFZ da ke Potsdam ce ke kula da shi yanzu, kuma jerin alƙalumansa ya koma har 1932. Wannan ba ƙaramin arziki ba ne. Mai bincike zai iya ɗora guguwar bana kusa da ta zamanin kakanninsa ya gwada su da sikeli ɗaya.

To ina matsalar? Ta farko ita ce inda aka kafa tashoshin. Sha ɗaya suna Turai da Arewacin Amurka, ɗaya a Ostiraliya, ɗaya a New Zealand. Babu ko ɗaya a Afirka. An zaɓi wuraren ne dab da yankin da hasken aurora ke bayyana, inda filazmar da ke kewaye da duniya ke zubo lantarkinta cikin saman iska. Ga mutumin Kanada wannan daidai ne, don irin wannan lantarkin ne ya kashe wutar lardin Quebec na kusan awa tara ranar 13 ga Maris 1989. Amma harafin p da ke cikin sunan yana nufin duniya baki ɗaya, kuma a nan ne sunan ya fi aikin girma.

Ta biyu, ma'aunin yana da rufi. Guguwar 1989 da ta 2003 da ta 2024 duk 9 suka samu, alhali ba ƙarfinsu ɗaya ba. Sannan awa uku ta yi masa yawa: abin da ke tura lantarki cikin taransifoma shi ne saurin canjin filin maganaɗisu cikin mintuna, shi kuwa Kp tazarar girgizar yake dubawa, bai damu da saurinta ba. Ƙaramar lamba ma ba ta nufin lafiya lau. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, 38 daga ciki suka faɗo suka ƙone, saboda guguwar da ba ta wuce G1 ba ta ɗumama saman iska ya kumbura ya ja su ƙasa.

Ta uku ita ce tamu. Ikwaitar maganaɗisu ta ratsa arewacin Najeriya, kuma samanmu yana da nasa rikicin. Bayan faɗuwar rana, ƙasan ayonosfiya yakan rasa cajinsa da sauri, sai filazma mai kauri ta zauna a kan maras kauri. Ka zuba ruwa a kan man gyada ka ga yadda man zai kutso sama. Haka kumfar filazma ke tasowa har ɗaruruwan kilomita. Siginar GPS da ta ratsa ta sai ta riƙa rawa, wani lokaci na'ura ta rasa tauraron gaba ɗaya. Wannan yana faruwa a daren da Kp ke kwance a 1 ko 2, musamman wajajen Maris da Satumba. Abin mamaki ma, guguwa tana iya tayar da kumfar, tana kuma iya danne ta, ya danganta da lokacin da ta iso. Kenan safiyo da ke auna fili da GPS a Kaduna, ko matuƙin jirgin da zai sauka Kano da dare, in ya duba Kp ya ga lamba ƙarama, bai samu labarin abin da ke kansa ba.

Wani zai ce ai akwai ma'aunin Dst, wanda ɗaya daga tashoshinsa huɗu ke Hermanus a Afirka ta Kudu. Gaskiya ne, kuma ya fi Kp nuna girman babbar guguwa. Sai dai da gangan aka nesanta tashoshinsa daga ikwaitar maganaɗisu, don kada lantarkin da ke gudana da rana kimanin kilomita 100 a samanmu ya ɓata lissafin. Wato abin da ya fi shafarmu shi ne aka tace aka zubar. NOAA ma tana da matakan R da S na wasu haɗurran rana, amma cikin ukun babu na rawar sigina.

Laifin dai ba na Bartels ba ne, shi ya auna abin da ya yi niyya. Laifin na masu kawo labari ne da ke sayar da lambar a matsayin hukuncin duniya duka, da kuma mu masu bincike da ba mu matsa an samar da namu ba. Kayan aikin ba daga sifili za a fara ba: shirin MAGDAS na Jami'ar Kyushu ta Japan ya kafa na'urorin auna maganaɗisu a Ilorin da Legas da Abuja, hukumar NASRDA kuma tana da cibiyar nazarin sararin iska a Anyigba. Abin da ya rage shi ne hasashen dare-dare na rawar sigina, a harshen da safiyo da matuƙi za su gane. Kafin nan, mai karatu, in ka ga an rubuta G5 ko G1, ka tambaya: a wace kasuwa aka auna, kuma da wane mudu?